Tarwada Uku da Tukunyar Inna Som

Mutumin da ya fara yi mini maraba a ƙasar Tailan ɓarawo ne, kuma har yau ban ga mai fara'a irin tasa ba. Ina fitowa daga filin jirgin Bankok ya tare ni da murmushi, ya haɗa tafukan hannu a ƙirji ya rusuna, ya ce da Turanci makarantar noman shinkafa ce ta aiko shi. Ni da bakina na fara faɗa masa sunan makarantar, amma a lokacin ban lura ba. Ya kai ni tasha, ya zaunar da ni cikin wata doguwar mota, ya karɓi 'yar jakar hannuna wai zai nuna wa direba takarduna. Fasfo yana ciki, takardar shiga makaranta tana ciki, guzurina yana ciki. Mota ta tashi ina ta leƙen taga. Ina jin har gobe bai gama nuna wa direban ba.

Sunana Garba, Bakabe ne ni daga Argungu, ɗan masunta gaba da baya. A lokacin muna jihar Sakkwato, ina aikin malamin gona a ofishin Birnin Kebbi, aka zaɓe ni in je kwas na wata shida in koyo noman shinkafar rani. Akwai waɗanda suka girme ni a ofis da suka so tafiyar ba su samu ba, kuma na san suna nan sun kasa kunne. Mahaifina, wanda ya haɗa kamun kifi da karantarwa a zaure, har walima ya yi. Saboda haka abin da ke cin raina a motar nan ba yunwa ba ce. Tunanin in koma Argungu a hannun 'yan sanda ne, babu takardar shaida, babu ko ƙwayar iri.

Motar da ya sa ni ma ba ta hanyar makarantar ba ce. Mun yi tafiyar yini guda, gonakin shinkafa hagu da dama kamar fadamar Rima, har aka zo wani ƙauye kowa ya sauka, direba ya yi mini alama da hannu cewa nan ne ƙarshe. Na yi Turanci, na yi Larabcin zaure, har Hausa na gwada don ɓacin rai, babu wanda ya gane. Ga hadari ya haɗo. Na ja akwatina na fake a barandar wani babban gini mai rufi ja, na yi alwala da ruwan indararo, na shimfiɗa rawanina na haɗa azahar da la'asar. Sai da na sallame na ga wani tsoho tsaye nesa kaɗan, kansa a aske ƙwal, ya yafa mayafi ruwan goro, yana jira in gama. A nan na gane a gidan ibadar mabiya Buda na yi salla.

Na miƙe a tsorace, na ɗauka korata zai yi. Sai ya ce da Turanci mai kyau, "Ka gama? To, ina ka fito, kuma yaushe rabonka da abinci?"

Shi ne shugaban gidan. Mutanen ƙauyen suna ce masa Luwan Fo, wato baba mai daraja, kuma ya yi koyarwa a makarantar boko kafin ya bar harkar duniya. Ya ji labarina bai katse ni ba. Ya sa aka share mini wani ɗaki kusa da rumbun shinkafa, ya shiga da kansa ya ɗauke ɗan mutum-mutumin Buda da ke kan taga, ya ce ya san ba ma salla da irinsa a gabanmu. Washegari ya rubuta wa makarantar wasiƙa, sannan ya kai ni wurin mai gari. Mai garin bai so ba. Ya ce baƙo marar takarda na 'yan sanda ne, su kuwa jirgi za su sa shi. Luwan Fo ya tsaya mini, aka daidaita a kan in zauna a ƙarƙashinsa har amsa ta zo, in kuwa na jawo wata magana, mai gari zai miƙa ni.

Abinci ya so ya gagare ni, don mutanen nan naman alade ne gishirin miyarsu. Kwana biyu ina ture kwano ina cin ayaba. Wata dattijuwa mai suna Som, wadda ke kawo wa masu mayafi, wato masu ibadar gidan, abincin safe, ita ta lura. Na riƙa ce mata Inna, ta kuwa amsa. Ba ta tambaye ni komai ba, don ba mu da harshen tambaya. Rana ta uku sai ga ta da sabuwar tukunya 'yar ƙarama ta dalma, ta kwankwasa ta a gabana, ta nuna mini cikinta fes, ta nuna ni da yatsa. Tun daga ranar a ciki take dafa mini shinkafa da ƙwai da ganye, ba ta haɗa ta da sauran tukwanenta ko wurin wanki. Na ci abincin farko ina hawaye, ita kuma tana dariya, tana tsammanin barkono ne.

Bayan la'asar mukan zauna da Luwan Fo a gindin wata bishiya bakin tafkin gidan, mu yi ta gardamar addini. Ni ɗan malam ne, ba na barin magana ta faɗi ƙasa. Wata rana na tambaye shi mene ne tushen zunubi a wurinsu, ya ce su ba su fara lissafi daga zunubi, daga wani abu suke farawa mai suna awijja. Na ce ya fassara, ya ce rashin sani.

Na yi dariya na ce, "Ashe kun huta. Mu a wurinmu wanda bai sani ba ana yi masa uzuri. In rashin sani ne tushe, ai kowa ya tsira."

Ya ce ba rashin labari yake nufi ba. Mutum yana iya haddace littafi ɗari yana cikin awijja. Ita ce ka dubi abu ka ƙi ganin sa yadda yake, ka ga mai wucewa ka ɗauka mai zama ne, ka ga abin da ranka ke so ka ɗauka shi ne gaskiya. Ya ce da ita ake haihuwar kowa, daga gare ta kwaɗayi ke tsira, daga kwaɗayi wahala, kuma babu mai cire wa mutum ita sai ya zauna ya dubi zuciyarsa da kansa.

Na ce a nan muka rabu. Mu ana haihuwar mutum da zuciya mai tsabta wadda ta san Ubangijinta, daga baya ne ƙura ke hawa, shi ne muke kira gafala, maganinta kuwa ambaton Allah da tuba, kuma akwai Mai yafewa. Na jero masa matakan rai kamar yadda Baba ya koya mana, rai mai umarni da mugun aiki, da rai mai zargin kansa, da rai mai natsuwa. Na ƙara masa da karatun da Baba ke yawan yi mana a zaure: "Jahili iri biyu na. Akwai wanda bai sani ba, ya san bai sani ba, wanga ana koya mai. Akwai wanda bai sani ba, bai san bai sani ba, wanga sai Allah." Tsohon ya ji daɗin wannan ƙwarai, har ya sa na maimaita. Sannan ya tambaye ni a wane mataki nawa ran yake. Na ce ina fatan na tsakiya, amma a zuciyata na ba kaina na ƙarshe.

Duk wannan hira, idona yana kan tafkin. Jama'a, ban taɓa ganin tarwada irin ta wurin nan ba. Manya, baƙaƙe, masu ƙiba, suna hawa kan juna a bakin ruwa kamar awaki a bakin akurki. Yara su jefa musu shinkafa, su taso su buɗe baki. Babu taru, babu ƙugiya, babu gora. Ni da aka yaye ni da romon kifi, na yi mako uku rabona da shi. Na riƙa ce wa kaina, mutanen nan manoma ne, ba su iya kamun kifi ba. Na kuma ce, baƙon kirki ba ya zama hannu rabbana, Inna Som ta ciyar da ni, ya kamata in kai mata abin da na iya. Kullum na zauna bakin ruwan sai hujjar ta ƙara kyau. Abu ɗaya ne ban yi ba, ban tambayi Luwan Fo ba, alhali kullum muna tare.

Ranar da na yi aika-aikar, rana ta take, masu mayafi sun gama cin abincinsu na ƙarshe sun shiga ɗakuna, ƙauye ya yi tsit. Na tuɓe riga na zame cikin ruwa na yi lalube irin namu na Kabawa. Ba a yi minti biyar ba na fito da uku. Ta ukun ta kafa mini ƙaya a gindin babban yatsa, jini ya zubo, ban kula ba. Na buge kawunansu, na zura su a igiya, na nufi gidan Inna Som ina taƙama.

Tana tsakar gida tana sheƙar shinkafa. Ta dubi kifin, ta dubi wandona da ke ɗigar ruwa, ta dubi hanyar da na fito. Faifan ya suɓuce daga hannunta. Ba ta yi ihu ba, zama ta yi a ƙasa ta rufe fuska tana kuka. Maƙwabta suka fito, nan da nan gida ya cika, kowa yana magana yana nuna ni. Wani saurayi ya fizge igiyar daga hannuna. Ni dai ina tsaye da murmushin da ya bushe a fuskata.

Luwan Fo ne ya yi mini bayani a ɗakina. Kifin tafkin nan ba na ci ba ne. Duk wanda aka yi wa rasuwa ko yake da marar lafiya yakan sayi kifi mai rai daga hannun masu yanka, ya sake shi a tafkin, ya ba shi ransa sadaka. Mijin Inna Som ya rasu bara, kuma tarwada ta sakar masa a tafkin. Tun daga nan kowace safiya in ta kawo abinci sai ta tsaya ta ciyar da su. Ya ce mai gari ya kira taro da la'asar, ya kuma riga ya ce a nemo mota zuwa ofishin 'yan sanda.

Na ce, "Wallahi ban sani ba! Ka gaya musu ban sani ba. Babu wanda ya faɗa mini."

Ya ce, "Gaskiya ne, babu wanda ya faɗa maka, wannan laifina ne. Zan gaya musu, wataƙila ma su karɓa." Sai ya kama hannuna ya duba ciwon. "Ka ce ku masunta ne tun kakanni. Kullum kifi yana sukar ku haka?"

Har a wannan hali sai da girman kai ya motsa. Na ce rabon da tarwada ta soke ni tun ina yaro, ai sai mai gaggawa take suka.

Ya ce, "Wa ya biyo ka?"

Sannan ya tambaye ni, a hankali, kamar mai tambayar hanya, ko a garinmu akwai ruwan da ba a kamun kifi a cikinsa.

Akwai mana. Ni da na tashi a bakin kogin Matan Fada, inda ake hana kamu shekara guda cur sai ranar da aka buɗe ruwa. Tun ban kai shekara bakwai ba na san cewa in ka ga kifi ya yi ƙiba ya daina tsoron mutum a kusa da mutane masu cin kifi, to ruwan nan akwai magana a kansa. Ko makaho a Argungu ya san wannan. Kuma mutanen ƙauyen nan ina ganin su da busasshen kifi a kasuwa, na san sun iya su sarai. Ban san labarin mijin Inna Som ba, wannan gaskiya ne. Amma na san akwai abin tambaya, na ƙi tambaya don kada a ce mini a'a. Shi ya sa na jira rana ta take.

Luwan Fo ya ce, "Ban san sunan wannan a addininku ba. A namu ka riga ka ji sunansa."

Na ce, "Gafala." Kunya ta hana ni ɗaga kai.

Ya miƙe ya gyara mayafi. Ya ce a wurin taro shi tafinta ne kawai, abin da na faɗa shi zai juya, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba.

Tsakanin azahar da la'asar ɗin nan na yi rabin tsufa. Kalma uku ce mafitata, ban sani ba, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. In na faɗe ta, mai yiwuwa a ce baƙo ne, a bar ni. In na faɗi gaskiyar duka, na miƙa wa mai gari wuƙa da nama. Na tuna ofishinmu na Birnin Kebbi da masu jiran labarina. Na tuna walimar Baba. Na yi salla na roƙi Allah gafara, sai na ga ba zan iya ce wa Allah na sani ba, in fita in ce wa Inna Som ban sani ba.

An taru a babbar rumfar gidan, kowa zaune a ƙasa, kifin nan uku a kan ganyen ayaba a tsakiya. Mai gari ya yi doguwar magana da fushi, sannan aka ba ni dama. Na durƙusa ina fuskantar Inna Som, na ce ban san na mijinta ba ne, amma zuciyata ta gaya mini ruwan nan ba na kamu ba ne, don a garinmu ma akwai irinsa. Na ce kwaɗayi ne ya ja ni, na lulluɓe shi da sunan kyauta, na zaɓi lokacin da babu mai gani. Na ce ba ni da uzuri, ina neman ta yafe mini, in kuma an miƙa ni ban ce an zalunce ni ba. Luwan Fo ya juya musu duka. Da ya gama, mai gari ya buga cinya ya nuna hanyar mota, na ce shi ke nan, Garba, ka yanka kanka.

Sai Inna Som ta yi magana. Muryarta ba ta da ƙarfi, amma kowa ya saurara. Luwan Fo ya juya mini: "Ta ce in an kai ka wurin 'yan sanda, kifinta ba zai tashi ba. Ta ce an janye ruwa daga gonaki saboda girbi, kifi yana nan maƙale a kududdufai yana mutuwa a rana, su kuma ba su iya kama shi da rai ba sai sun ji masa ciwo. Tana tambaya, hannun nan naka kashewa kawai ya iya?"

Mai gari ya yi gunaguni, amma mai haƙƙi ta yi magana, dole ya haƙura.

Na yi tunani ko aikin nan ya halatta gare ni, na ga tausaya wa mai rai ai mu ma sadaka ce a wurinmu. Suna da niyyarsu, ina da tawa. Kwana tara ina fita da hantsi da bokiti biyu, ina bin kududdufai cikin taɓo har gwiwa, ina lalubo tarwada da ƙananan kifaye ina kai su tafki. Ranar farko ni kaɗai, mutane suna kallo daga nesa. Rana ta uku saurayin da ya fizge mini igiya ya karɓi bokiti ɗaya. Kafin mako har mai gari ya zo ya tsaya a kan kunya yana nuna mini inda ya ga motsi. Ƙaya ko ɗaya ba ta sake sukata ba. Inna Som kuwa, ko a daren ranar da na sa ta kuka, tukunyata ba ta yi fashi ba.

Ana cikin haka amsar makaranta ta zo, sun tabbatar daga Sakkwato cewa ni ne, suka aiko mota, suka kuma shige mini gaba a maganar fasfo. Da za mu rabu na ce wa Luwan Fo har yanzu ina nan a kan cewa akwai Mai yafewa, kuma Shi ya jefo ni barandarsa. Ya yi dariya ya ce shi ma yana nan a kan nasa, amma ya lura da awijjarsa da gafalata a tafki ɗaya suke shan ruwa. Bai taɓa neman in bar addinina ba, ni ma ban iya jawo shi zuwa nawa ba, ina dai yi masa fatan shiriya har yau. Inna Som ta ƙulle tukunyar a tsumma ta tura mini cikin mota, ta juya da sauri.

Na gama kwas na dawo da takardar shaida da irin shinkafa. A ofis na ba da labarin ɓarawon Bankok, aka sha dariya. Labarin tarwada kuwa Baba kaɗai na ba, a zaure, bayan ɗalibai sun watse. Ya saurara yana jan tasbaha, sannan ya ce, "Kai Garba! Ɗan Matan Hwada, ka ishe kihi ya yi ƙiba bai gudun mutum, kac ce ba ka sani ba?"

Na ce, "Na dai hwaɗi gaskiya daga baya, Baba."

Ya ce, "Shi af fisshe ka. To, karatun da ni ba ku da saura. Jahili ukku na. Na ukkun shi na wanda yas sani yar ruhe ido, kuma shi ya hi yawa cikin masu karatu." Ya ƙara da cewa, "Wagga tsohuwa da wanga tsoho sun yi ma abin da dangi ka yi. Kak ka manta da su."

Ban manta ba. Baba ya rasu, su ma na tabbata sun daɗe da barin duniya, ban kuma sake taka ƙasar ba. Tabon yana nan a gindin yatsana, kuma duk ranar da na ji bakina zai ce ban sani ba, sai na duba shi tukuna. Tukunyar tana gidana a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, ta lotsa, murfin ma ya ɓace. Maiɗakina ta dafa shinkafa a cikinta, ta dafa wake, ta dama wa jikoki koko. Sau ɗaya ta ɗauko ta za ta yi farfesun tarwada, na ce ta mayar ta ɗauko wata.